A Bar Haɓar Nan Ta Huta

Safiyar Juma'a a Falgore ta rasa wani sauti, kuma ban ji wanda ya yi cigiyarsa ba. Falgoren ƙasar Rogo nake nufi, ta masarautar Karaye, ba dajin nan na hanyar Jos ba, wanda shi hankalin mutane ke fara zuwa in an ambaci sunan. Sautin kuwa na wasa aska ne: a goga ta a kan dutse, sannan a shafa ta sama da ƙasa a jikin fata har bakinta ya yi sheƙi. A da, kafin hantsi ya dubi ludayi, sai ka ji shi a zaure biyu ko uku a unguwa guda. Yanzu abin da kunne ke kamawa shi ne ƙugin kilifa daga shagunan bakin hanya, da kiɗan da ke tashi daga wayar yaron shago.

Wanzamai ba su ƙare ba. Har gobe su ake kira askin suna ranar bakwai, su ake kai wa yara kaciya lokacin sanyi, kuma dattijon da bayansa ya riƙe yana neman mai ƙaho. Abin da ya kuɓuce musu shi ne fuskar magidanci ta mako-mako: gyaran saje, rage gashin baki, share ƙarƙashin haɓa. Wannan aikin ya koma shago, kuma da ya tashi tafiya bai ɗauki duk kayansa ba.

Gidanmu yana da wanzaminsa, kamar yadda kusan kowane gida yake da nasa. Ubansa ne ya yi wa kakanmu aski, shi kuma ya gaji fuskar mahaifinmu. Ba kullum ake biyansa a take ba. In kaka ta yi a kai masa dami, in an yi haihuwa yana da rabonsa a ragon suna da ɗan abin da mata suka tara. Yakan zo da zabira rataye a kafaɗa, fatarta ta yi baƙi da maiƙon hannu, ya shimfiɗa buzu, ya zauna dab da mahaifinmu har gwiwoyinsu na haɗuwa. Ni aikina in kawo ruwa mai ɗumi a ɗan ƙoƙo. Ina jin ƙanshin wurin har yanzu: sabulun salo, tsohuwar fata, goron da yake taunawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daɗewar da yake yi kafin ya buɗe aska. Sai ya jiƙa tafin hannu ya yi ta murza fuskar, yana labarin farashin rake ko wanda aka ɗaura wa aure a Zarewa, har gashin ya sha ruwa ya yi laushi. Sannan ya bi da babban yatsa daga kunne zuwa haɓa, daga haɓa zuwa maƙogwaro. Gashin fuska ba gefe guda yake kwanciya ba. Na kumatu ƙasa yake kallo, na ƙarƙashin muƙamuƙi yakan karkata, wani wurin ma ya yi juyi. Ya san inda na mahaifinmu ke juyawa, a gefen hagu na wuya, kuma nan ne ƙuraje suke fito masa. In yatsansa ya ci karo da su sai ya tsaya, ya karkatar da kan mahaifinmu zuwa hasken ƙofar zaure, ya duba. Wanda gashi ya lanƙwashe ya koma cikinsa, sai ya sa tsinin aska ya ɗago bakin gashin waje a hankali, ba ya tuge shi. Wanda ya yi ja ya kumbura kuwa ba ya kusantarsa.

"Malam, a bar haɓar nan ta huta sai Juma'a ta sama."

"Haba Baba, gobe fa akwai ɗaurin aure a Rogo."

"Ko na gidan sarki ne. Zan rage maka da almakashi, in naɗa rawani za ka yi ba mai gani."

Haka za a yi. Ya daidaita wurin da almakashi, ya aske inda fata take lafiya yana bin kwanciyar gashi, ya lakato man kaɗanya ya shafa. Mahaifinmu mutum ne da ba a cika musa masa ba, amma a kan buzun nan maganar wanzami ce ke ci.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanzamin gado ya riga ya ci ladan gidan tun daga kaka, saboda haka ba shi da damar gudun fuska don ta yi ƙuraje ko ta yi kirci. Kuma da yake shi zai dawo mako mai zuwa ya tarar da abin da askarsa ta haifar, ba shi da sha'awar ɓata ta. Wannan ne ya ba shi ƙarfin cewa a'a.

Sai da na girma na gane cewa abin da tsohon nan ya sani da yatsa, shi likitocin fata suke koyarwa da zane a allo. Gashin yawancinmu baƙar fata murɗaɗɗe ne, tun daga cikin raminsa yake fitowa a lanƙwashe. In aska ta yanke shi dab da fata, sai ta bar masa tsini, irin na kututturen dawa da aka sare a karkace bayan girbi, wanda ke huda ƙafar mai tafiya ba takalmi. Da gashin ya ɗan tsiro sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke kusa da shi. In kuma an ja fatar an miƙe ta lokacin aski, gashin yakan koma ƙasa da bakin ramin bayan an saki, ya huda bangon ramin daga ciki. Jiki sai ya ɗauke shi baƙon abu, ya tura masa jini da ruwa, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi mugunya. In ya warke ya bar baƙin tabo, in an yi ta maimaitawa fatar ta yi tauri. Maganin farko da likita zai faɗa shi ne a daina askewa na wasu makonni, domin in gashin ya yi tsawo da kansa yake fizge bakinsa daga cikin fata. Na biyu, in an dawo, kada a yanke shi ƙasa-ƙasa, a bar masa kamar milimita guda, a bi kwanciyarsa, kada a ja fata.

Ba matsalar ƙauye ba ce. Rundunar sojan Amurka ta shafe shekaru tana fama da ita, domin dokarsu ta ce soja ya aske fuska tas kullum, ga kuma dubban baƙaƙen fata a cikinsu. Binciken da aka yi a tsakaninsu ya ba da alƙaluma daga kashi 45 cikin ɗari har zuwa sama da 80 na masu fama da waɗannan ƙuraje. Dole ta sa aka fito da takardar likita mai ba soja izinin barin ɗan gajeren gemu. A watan Satumba na 2025 sakataren tsaronsu, Pete Hegseth, ya tsaurara dokar, har aka ce wanda ya wuce shekara yana buƙatar wannan izini ana iya sallamarsa daga aiki. Duk lokacin da na ga yaranmu da suka shiga aikin ɗamara sun dawo hutu da wuya cike da ƙuraje, nakan tuna cewa gashinsu bai yi laifin komai ba, ƙa'idar aski ce aka tsara ta a kan gashin da ba irin nasu ba.

Amma ba zan rufe ido a kan abin da ke cikin zabirar nan ba. Aska ɗaya ce take bin fuskoki goma a safiya guda. Abin da ke raba fuskata da ta wanda ya riga ni shi ne ɗan ruwan ƙoƙo da shafawa a tafin hannu. Mu yara mun sha makero, kan wannan ya ba kan wancan, ana cewa ai ƙuruciya ce. Wanda ya fi makero muni ba a ganinsa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma ɗan ƙwarzanen da ido bai gani ba ya ishe ta shiga. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ita, alhali allurar rigakafinta sai a 2004 ta shiga jerin alluran jarirai na ƙasa. Duk wanda ya taso kafin nan ya zauna gaban askar gayya ba tare da wata kariya ba. Mun binne mutanen da cikinsu ya kumbura, idonsu ya yi ɗorawa, aka ce sammu ne ko shawara ce ta yi ƙarfi. Allah kaɗai ya san nawa ne daga cikinsu suka ɗauko ajalinsu a bakin ƙarfe. Ga cire belu da ake yi wa jarirai da kayan da ba a dafa ba, wanda ya jawo zubar jini da sandarewar jiki a gidaje da yawa. Ina ƙaunar tsohon wanzaminmu, Allah ya jiƙansa, amma ba zan miƙa masa fuskar ɗana a kan waccan ƙa'ida ba.

Abin da ya karya askar gayya tsoro ne. Bayan an ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, rediyo ya yi ta gargaɗi a kan aska da allura da abin yankan farce, har maganar ta shiga ƙauyuka. Magidanta suka fara sayen askarsu su ajiye a gida, wasu suka koma reza. Ita rezar tsohuwa ce a duniya, tun 1904 King Gillette ya sami rajistar irin tasa a Amurka, kilifar lantarki kuma Leo Wahl ya yi mata rajista a 1921, amma sai da janareto ya yi araha sannan shagon aski ya zauna da gindinsa a garuruwa irin namu. Yau yaron shago zai yage takardar sabuwar reza a gabanka, ya karya ta biyu, ya jefar in ya gama. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma rayuka ya tsare.

Har ila yau, kilifa ita ce ainihin abin da likita zai ba mai ƙurajen aski shawara ya riƙa amfani da shi, tunda ba ta cin gashi har ƙasa. Wato kayan aikin da ya dace da fatarmu ya zo hannunmu. Abin da ake yi da shi ne ya ɓata lissafin.

Na zauna a benci ina jiran layi na ga yadda ake yi. Saurayi ya shigo, ƙarƙashin haɓarsa duk ƙuraje, wasu sun nuna. Ya buɗe waya ya nuna hoton wani ɗan ƙwallo, ya ce haka yake so. Mai aski bai taɓa fuskar da hannu ba. Ya fesa wa kilifa sifirit, ya ƙyasta mata wuta ta yi bal ta mutu, ya hau aiki. Haƙoran kilifar an matse su sun haɗe don ta ci sosai, tana bi ta kan ƙurajen tana fasa su. Da aka zo fitar da layin saje da na gemu sai ya ɗauko reza, ya ja fatar da yatsa biyu, ya kankare ta a bushe, yana tafiya gaba da kwanciyar gashi don layin ya fito ras. Ɗigon jini ya tsattsafo a wuri huɗu ko biyar. Ya jiƙa auduga da sifirit ya danna, saurayin ya runtse ido ya ja iska ta haƙora, na kusa da ni ya ce, "Zafin nan shi ne maganin." Aka kaɗa masa hoda da burushin da ya bi wuyan kowa tun safe. Ya dubi madubi, ya ji daɗi, ya biya. Layin ya yi kyau ƙwarai, ban musa ba. Kwana uku zai yi yana kyau.

Wutar da ake ƙyasta wa kilifa ta daƙiƙa biyu ba ta isa a dogara da ita ba, ga gashi da ɓawon fata maƙale a tsakanin haƙora ba a goge ba. Sifirit kuma a kan fatar da aka kankare ƙara busar da ita yake yi. Sai a koma kemis a sayo man nan mai haɗi uku, wanda a cikinsa akwai sinadarin kwantar da kumburi mai ƙarfi. Kwana biyu ƙuraje su lafa, mutum ya ce ya sami magani, ya mai da shi man shafawa. Bayan watanni fatar wurin ta yi siriri, ta yi fari-fari, wasu sababbin ƙuraje su fito. Masu hodar cire gashi su ma suna nan: tana narkar da gashin ne ba yanka ba, don haka ba ta barin tsini, amma in an shafa ta a kan fatar da ta riga ta fashe, ko aka bar ta ta wuce mintunan da aka rubuta, ƙuna take yi sosai.

Lamarin ƙeya ya fi ban tausayi. Ƙananan ƙuraje ne ke fara fitowa a inda ake kankare layin baya, wuyan riga yana goga su, kilifa tana bi ta kansu duk mako, har su haɗe su zama tudun tsoka mai tauri wanda gashi ba ya sake tsirowa a kai. Na ga wanda aka ɗiga wa ruwan batir a irin wannan wuri, na ga wanda aka shafa wa man birki. Ƙeyar ta ƙone, tabon ya ninka na da. Likitan fata kuwa sai an tafi Kano ko asibitin Shika, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura ya ja hula ya rufe.

Ban ga laifin yaran shagon nan kamar yadda wasu dattawa ke gani ba. Wanzami ya fara riƙe zabira tun yana ɗan shekara bakwai yana bin ubansa, ya yi shekaru yana kallo kafin a ba shi kan yaro ya gwada. Yaron shago wata shida ya yi a wurin ubangidansa a Kano ko Zariya, abin da aka koya masa shi ne fitar da layi da saurin hannu. Kujerar ba tasa ba ce, akwai abin da zai kai wa mai shago kowace yamma. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane minti da janareto ke ƙugi kuɗi ne ke ƙonewa, shi ya sa masu hali suka koma sola da kilifa mai caji. Wanda ke kan kujera ba ɗan gidan da ya gada ba ne, mai wucewa ne. In ya ce masa yau ba za a taɓa nan ba, sai ya tashi ya shiga shago na gaba, kuɗin ya tafi, a kuma ce yaron bai iya ba. Wanzamin gado yana da damin kaka a rumbu lokacin da yake cewa a'a. Wannan yaron in ya faɗa, abincin darensa ya taɓa.

A ɓangaren mata ma labarin bai canza ba, sai dai ba a yinsa a bakin hanya. Gyaran jiki irin na Barno da Sudan ya iso ko'ina, amarya ba ta tarewa sai an yi mata dilka da halawa. Halawar sukari ce da lemon tsami da ruwa ake dafawa ta yi danƙo, a manna a fizge gashi daga saiwa, har da na leɓe da haɓa ga wadda take da shi. A fata mai lafiya ba ta da aibu sosai. Amma yarinyar da ta yi wata uku tana shafa man bilicin don biki, fatarta ta riga ta yi siriri, in aka fizge sai ta taho da saman fatar. Wata 'yar'uwata mai wannan sana'a ta ce mini tambayar farko da take yi wa amarya ita ce, "Ƙanwata, me kike shafawa?" In ta ji amsar ba ta yi mata ba, fuska dai ba za ta sa mata halawa ba, ko uwar amarya za ta yi fushi.

Akwai abu guda da ya sauƙaƙa wa maza da yawa ba tare da an yi niyya ba. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yaɗuwar karatun hadisi a tsakanin matasa na kowane ɓangare, barin gemu ya zama ruwan dare, har ga waɗanda iyayensu ƙwal suke askewa. Sunna ta ce a bar gemu a rage gashin baki, kuma hadisin Anas ɗan Malik da Muslim ya ruwaito ya sa iyakar kwana 40 ga rage gashin baki da yanke farce da sauran tsaftar jiki. Mutum ya bar gemu don neman lada, sai ga wuyansa ya warke. Saura iyakar gemun, can ƙasan muƙamuƙi da saman kumatu, inda ake son layi ya fito, nan ne reza take ci gaba da ɓarna.

A Sakkwato an taɓa gwada wani abu da ya burge ni: ma'aikatan lafiya suka horar da wanzamai su riƙa tura iyayen jarirai asibiti a yi musu rigakafi, tunda su ne ke shiga gidan haihuwa a makon farko. An ɗauki mutanen da ake zargi da yaɗa cuta aka mai da su 'yan aiken lafiya. Ban ga abin da zai hana a yi irin wannan da masu shagon aski a Rogo da Karaye ba, a haɗa su da Sarkin Aska da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma yini guda. Abin da za a nuna musu ba shi da yawa: yadda ake bambanta ƙurjin gashi da makero da maruru, yadda ake wanke haƙoran kilifa da burushi a jiƙa su a maganin kashe ƙwayoyin cuta, da lokacin da ya kamata a ajiye reza a ce wa mutum ya je asibiti.

Akwai wani yaro a garinmu, jikan wanzamai ne ta wajen uwa, da ya buɗe shago da sola. Na lura yana shafa wuyan mutum da bayan yatsa kafin ya kunna kilifa. Masu ƙuraje ya ce su sayi tasu kilifar su riƙa zuwa da ita, wanda ba shi da hali yana da guda da ya ware wadda bai matse haƙoranta ba. Yana ajiye ruwan ɗumi a fulas da tsumma mai tsabta, da ɗan gwangwanin man kaɗanya maimakon sifirit. Na ji wani direba ya matsa masa sai ya kankare masa layi da reza a kan ƙuraje, yaron ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan wurin in na sa reza na cuce ka. Ka ba shi mako uku, in bai kwanta ba ka je a duba maka." Direban ya ce shi ba wa'azi ya zo ji ba, ya sauka daga kujera da rabin gyara ya tafi shagon da ke kallon nasa. Yaron ya kakkaɓe zanen, ya ce wa na gaba bismillah. Na tambaye shi ko hakan na yawan faruwa, ya ce a mako ba ya rasa mutum ɗaya ko biyu, kuma ranar kasuwa ya fi jin zafin abin, don ranar ce yake haɗa kuɗin haya.